Babba da Yaro a Tebur Guda

Da yawa daga cikinku kun sha wucewa ta ɗakin cin abinci ran Asabar da dare, ku tarar da mu biyar mun kewaye tebur guda, ga takardu ga fensir, muna jefa waɗansu 'ya'yan ludo masu fuskoki da yawa, muna ta gardama a kan dodanni. Har wani ya taɓa tambayata ko caca mu ke yi. To, ba caca ba ce, ko anini ba ya shiga ciki. Wasa ne na labari. Ina so in bayyana muku yadda ya ke, sa'an nan in faɗi wani kuskure da na yi a cikinsa, wanda ya kusa raba mu da wani yaron kirki. Gama a wurin gyaran kuskuren nan ne na gane abin da wasan ya ke nema ga masu yinsa.

Yadda wasan ya ke

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Waɗansu mutanen Amurka biyu ne suka ƙago shi, Gary Gygax da Dave Arneson, wani ƙaramin kamfani kuma da ke garin Lake Geneva cikin jihar Wisconsin ya fito da shi a shekarar 1974. Daga baya ire-irensa suka yi yawa. Mu muna bin littattafansa da aka buga a 2014, watau bugu na 5, kuma duk lissafin da zan kawo na wasanmu daga can ya fito.

Misalinsa kamar tatsuniya ne, sai dai masu sauraro su ne mutanen cikin tatsuniyar. Mutum ɗaya ya kan zama jagora, shi ke faɗin inda a ke, da abin da a ke gani, shi ke magana da bakin sarakuna da 'yan kasuwa da dodanni. Sauran kuwa kowa yana da mutuminsa guda a cikin labarin, an rubuta halinsa da ƙarfinsa a takarda. Wani mayaƙi ne, wani mai sihiri, wani ɓarawo mai iya buɗe kwado, wani mai warkarwa. In ɗan wasa ya ce, "Mutumina zai haura katangar nan," jagora ba ya yanke hukunci da son ransa. Sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, a ƙara masa wata lamba da ke cikin takardar, in jimlar ta kai abin da a ke nema ya haura, in ba ta kai ba ya faɗo. Ba kamar dara ba ne da wani zai ci wani. Duka ƙungiya guda ce, tare su ke tsira, tare su ke shan wuya.

Ko wane mutum na cikin labari yana da mataki, daga 1 har 20. In sun ci yaƙi ko sun gama wani aiki mai wuya, a kan raba musu maki. Da maki 300 a ke hawa mataki na 2, da 900 na 3, da 2,700 na 4, da 6,500 na 5. Duk hawan da mutum ya yi, ƙarfinsa ya kan ƙaru, ya kuma sami sababbin dabaru. A nan ne maganata ta ke, gama in akwai hawa, tilas wata rana wani ya fi wani.

Kuskurena

Ni ne jagora a teburinmu. Mun yi wata bakwai muna wasa da abokaina uku, mutanensu duka sun kai mataki na 5. Sai wani ɗan aji ɗaya, ɗan ƙasarmu, ya roƙa a sa shi. Muka yi murna. Na ce masa kowa daga ƙasa ya fara, shi ma daga mataki na 1 zai fara, da rarrafe yaro ya kan tashi. Ya yarda, ya zauna ya rubuta mayaƙinsa da kyau, har ya zana hotonsa a bayan takardar.

Daren farko suka gamu da wani ƙaton dodo mai kulki a bakin gada. Yaron ya yi ta maza, ya shiga gaba. Dodon ya buge shi sau ɗaya, ya faɗi sumamme. Ya zauna sa'a guda cur yana kallon sauran suna yaƙi. Mako na biyu ya koyi hankali, ya laɓe a baya, bai taɓa kome ba. Mako na uku mai sihirinmu ya gama yaƙin dare duka da dabara guda, tun yaron bai jefa ɗan ludo ba. Mako na huɗu kujerarsa ta zama wofi.

Ran Lahadi da yamma na same shi a bakin famfo yana wanki. Na ce, "Ƙanena, lafiya ba mu gan ka jiya ba?"

Ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Ya ci gaba da wankinsa. Da na matsa masa, sai ya ce, "Yaya, kada ka ji haushi. Ni dai na ga ko na zo ko ban zo ba, labarin ɗaya ne. In kallo ne, gara in tafi kallon ƙwallo."

Maganar nan ta kwana a raina. Bai ce an fi shi ƙarfi ba, wannan ya san da shi tun fari, ya kuma yarda. Abin da ya ce shi ne zuwansa ba ya sāke kome.

Inda bambancin ya ke

Na koma na ɗauki fensir na yi lissafi, abin da ya kamata in yi tun kafin ya zauna. Ga abin da na samu.

Wajen samun abokin gaba da sara, bambancin kaɗan ne. A ce lambar sulken abokin gaba 15 ce. Mayaƙi na mataki na 1 ya kan ƙara kamar 5 a kan abin da ya jefa, watau yana bukatar 10 ko fiye, zai samu sau 55 cikin 100. Na mataki na 5 ya kan ƙara kamar 7, yana bukatar 8, zai samu sau 65 cikin 100. Masu tsara bugu na 5 da gangan suka yi haka, domin kada lambobin su yi wa juna nisa ƙwarai.

Amma wajen jimrin duka, abin ba kama. Akwai abin da za mu kira makin rai, watau yawan dukan da mutum zai iya sha kafin ya faɗi. Mayaƙin yaron nan 12 gare shi. Na abokina mai mataki na 5 kuwa 44. Kulkin dodon nan, bisa ga littafin, ya kan cire 13 a bugu ɗaya in an yi matsakaicin lissafi. Ashe babban zai sha uku yana tsaye, ƙaramin kuwa ɗaya ya ishe shi. Ban da wannan, daga mataki na 5 mayaƙi ya kan kai sara biyu inda a dā ɗaya ya ke kaiwa. Mai sihiri kuma a mataki na 5 ne ya ke samun dunƙulen wuta, wanda a ke jefa masa 'ya'yan ludo 8 masu fuska 6, matsakaicinsa 28, ga kowa da ke wurin da ya fashe. In irin wannan wuta ta sami mai makin rai 12 sosai, ba suma zai yi ba, mutuwa ce nan take.

Ashe laifin ba na yaron ba ne, ba kuma na rashin sa'a ba. Ni na auna dodon da ƙarfin manya, sa'an nan na tura yaro gabansa. Na kuma cika dare uku da yaƙi kaɗai, alhali kuwa yaƙi shi ne wurin da mataki ya fi nuna kansa.

Abin da masu ƙago wasanni suka yi

Da na bincika, sai na ga ashe matsalar tsohuwa ce, masu hikima kuma sun daɗe suna neman maganinta.

A littafin 'yan wasa na 1978, wanda Gygax ya rubuta, ba a ma yi nufin kowa ya zama daidai da kowa a lokaci guda ba. Mai sihiri na mataki na 1 dabara guda tak gare shi a yini, ransa kuma ba ya da kauri ko kaɗan, amma in ya daɗe ya kan fi kowa. Hawa ma ba ɗaya ba ne. Ɓarawo da ya wuce maki 1,250 ya hau mataki na 2, mayaƙi sai ya wuce 2,000, mai sihiri kuwa sai 2,500. Watau yau ka ɗauke ni, gobe in ɗauke ka.

A 1987 Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen suka fito da wani wasa, Ars Magica, na masu sihiri a Turai ta zamanin dā. Su ba su ɓoye ba, sun ce mai sihiri ya fi kowa nesa. Dabararsu ita ce ko wane ɗan wasa ya riƙe mutum fiye da ɗaya. Yana da mai sihirinsa, yana da wani mutum mai sana'a ko mai sarauta, akwai kuma barori da dogarai waɗanda kowa ya kan ɗauka. Yau kai ne babba ni ne mai ɗaukar kaya, wani mako mai sihirinka yana ɗaki yana nazari, nawa ya fito, kai ka ɗauki kayan. Ƙarfi yana zagayawa kamar kwanon tuwo.

A 2002 aka yi wani wasa daga labarin talabijin na Buffy the Vampire Slayer, inda yarinya guda ke da ƙarfin da ya wuce na mutane, abokanta kuwa 'yan makaranta ne kawai. A wasan akwai waɗansu maki na musamman da ɗan wasa zai kashe don ya juya labari, ya tsira daga bugu, ko ya sa taimako ya zo a kan kari. Jarumi 10 a ke ba shi, marar ƙarfi kuwa 20. Mai ƙarfin dantse yana da dantsensa, marar ƙarfi an ƙara masa iko a kan labarin kansa.

A 2009 kuma aka yi wasan Doctor Who a Ingila. Can in rikici ya tashi, masu magana su ke fara yin abinsu, sa'an nan masu gudu, sa'an nan masu wani aiki na hannu, masu faɗa su ne na ƙarshe. Saboda haka wanda ba shi da makami, in yana da baki, yana iya kashe wutar tun mai makami bai motsa ba.

Ku lura, cikin huɗun nan babu wanda ya ce sai an mai da kowa tsawo ɗaya. Yatsun hannu ma ba ɗaya su ke ba. Abin da suka daidaita shi ne rabon mutanen da ke zaune a tebur, watau kowa ya sami lokacin da abin da ya zaɓa zai sāke labarin. Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Gizo bai kai zaki ƙarfi ba, bai kai giwa girma ba, amma ba yaron da ya taɓa cewa a cire shi daga labari don ba shi da amfani.

Gyaran da muka yi

Da fari na tara su duka, har da yaron, na ce laifina ne. Na kawo shawara a ɗaga mutuminsa zuwa mataki na 5 a huta. Sai mai sihirinmu ya ce, "Haba Malam, mu wata bakwai muka yi kafin mu kai nan. Shi a dare ɗaya?" Yaron ma da kansa ya ƙi, ya ce ba ya son abin da bai yi wa gumi ba, ga shi kuma bai ma gama koyon dabarun mataki na 1 ba balle a jibga masa na 5.

Lissafi ne ya raba gardamar. Daga mataki na 5 zuwa na 6 sai an tashi daga maki 6,500 zuwa 14,000, watau ƙarin 7,500. In ana raba maki daidai wa daida, ranar da manyan za su taka mataki na 6, shi yaron ya tara 7,500, ya riga ya shiga na 5. Ashe ratar ba mai daɗewa ba ce. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi makonnin da ke tsakani su zama wasa gare shi. Ga abubuwan da muka yi, ko za su amfani wani.

Na ɗaya, na daina kawo ƙaton dodo guda shi kaɗai. Na kan haɗa shi da ƙananan dodanni, irin masu makin rai 7, waɗanda bugunsu ya kan cire kamar 5. Manya su tare ƙaton, yaron ya tare ƙananan kada su zagayo ta baya su sami mai sihiri. Sara ɗaya nasa sau da yawa ya kan kā da ɗayansu. Aikin na gaske ne, gama ranar da ya yi sakaci mai sihirin ya sha duka.

Na biyu, muka tuna da wata doka da mu ke tsallakewa. Ɗan wasa yana iya barin saransa ya taimaki wani, ya ɗauke hankalin abokin gaba. Wanda aka taimaka sai ya jefa ɗan ludo sau biyu ya ɗauki babbar lamba. Mai samu sau 65 cikin 100 ya koma kusan 88. Sai dai mai taimakon tilas ya matso kusa da abokin gaba, saboda haka akwai kasada, shi ne kuma zai auna ko ta cancanta.

Na uku, shi ne ya fi duka, na rage yaƙi. Na juya tafiyarsu ta bi ta garin da aka haifi mutumin yaron a cikin labari. Suna neman wani tsoho da ya san hanyar dutse, mutanen garin kuwa sun rufe ƙofa, ba su yarda da baƙi masu makamai ba. Mai sihiri yana iya ƙone ƙofar cikin ƙiftawar ido, amma in ya ƙone ta wa zai nuna musu hanya? Mai gadin ƙofa kawun mutumin yaron ne. Sai dukansu suka juya suka dube shi. Ya yi shiru, sa'an nan ya gyara zama, ya fara gaisuwa da ban haƙuri kamar yadda a ke yi wa kawu, har ya ɗauki alkawarin da ya ɗaure ƙungiyar duka, cewa za su dawo su gyara rijiyar garin. Manyan suka yi gunaguni, amma suka cika alkawarin. Mako biyu muka yi a kan rijiyar nan, abin da ban taɓa shiryawa ba. Labarin ya sāke hanya saboda shi.

Na huɗu, na sa wata 'yar takarda a gabana, duk wanda na tambaya "Me za ka yi?" sai in yi masa ɗigo. Daren farko na ji kunya, gama mai yawan surutu ya sami ninki biyu na kowa. Yanzu in an shiga sabon wuri na kan fara tambayar wanda ɗigonsa ya fi kaɗan.

Na biyar ba nawa ba ne, na manyan ne. Mai ƙarfi a tebur yana da hakki a wuyansa. Mai sihirin nan da ya yi gardama, shi ne daga baya ya koyi riƙe wutarsa, ya kan ce, "Ƙane, me ka gani?" kafin ya yi kome. Dokar wasan ma tana taimakonsa, gama a mataki na 5 sau biyu kaɗai zai iya jefa irin wannan wuta kafin ya nemi hutu. In yini ya yi tsawo, tilas ya yi tattali, takobin yaro kuwa ba ya ƙarewa.

Wata gardama

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce? A fara kowa a mataki ɗaya mana. Gaskiya ne, tebura da yawa haka su ke yi, littafin jagora na 2014 ma ya yarda a bar ƙidayar maki, a riƙa ɗaga kowa tare in an kai wani muhimmin wuri a labari. Ni ma in baƙo ya zo gobe, ratar kuwa ta kai mataki takwas ko goma, ba zan fara shi daga ƙasa ba, gama akwai ratar da dabara ba ta cikewa. Ban kuma ce gyaranmu ya warkar da kome ba. Akwai daren da yaƙi ya yi zafi, yaron ya koma baya da baka yana harbi daga nesa, na kuwa ga ransa bai so ba.

Amma ko an daidaita mataki, ba a daidaita mutane ba. Mai sihiri da mayaƙi na mataki guda ba abu ɗaya su ke iyawa ba. Wani ɗan wasa ya haddace littafi, wani jiya ya fara. Wani bakinsa ba ya rufuwa, wani sai an tambaye shi. Jagoran da ya dogara ga lambobi kaɗai zai sāke yin kuskurena, ko da takardun duka iri ɗaya ne. Tambayar da na ke yi wa kaina yanzu bayan ko wane wasa ita ce, akwai wanda da bai zo ba daren nan, labarin ba zai sāke ba? In akwai, aikina bai yi ba.

Ba sai na faɗa muku ba, ku da za ku tsaya gaban aji, cewa tambayar nan ta bi ni har makarantar da na yi koyon koyarwa, inda na tarar da mai karanta littafi duka da wanda bai gama sanin baƙaƙe ba a benci guda.

Yaron nan yanzu mutuminsa yana mataki na 5, sauran suna na 6. Shi ke fara zuwa ya share tebur, ya kuma ce zango mai zuwa yana so ya gwada zama jagora. Wanda duk ya ke son gani da idonsa, ran Asabar bayan abincin dare muna nan, akwai kujera, akwai fensir. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. A huta lafiya.